Mayyar da ke cikin jabiya

Kwanakin baya surukina ya ɗauke ni a mota muka bi hanyar Tamanhint, wai zai duba wani tsohon injin ban ruwa da ake son sayarwa. Ni rakiya ce tawa kawai, don zaman shago a unguwar Manshiya, nan cikin Sabha, ya fara cinye mini ƙafafu. Da muka shiga gonar sai na ga ashe na san ta, ko da yake an sake mata ƙofa, an sare dabinan bakin hanya, mai ita kuma ya daɗe da rasuwa. Na bar su suna ciniki, na zaga baya ina neman jabiya, wato babban tafkin siminti da ake tara ruwan rijiya a ciki kafin a sake shi ya bi magudanai zuwa shuka. Na same ta, amma da ƙyar na yarda ita ce. Bango ɗaya ya tsage, rairayi ya cika rabinta, an zuba mata tsofaffin tayoyi da ledoji. Yanzu wasu siraran baƙaƙen tiyo ne ke bin gindin kowace shuka suna ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan, ba ƙara, ba laka, ba mai jiƙa ƙafarsa. Na daɗe a tsaye har surukina ya yi mini hon.

Da na dawo gida jikata ta ga na yi shiru, sai ta zo da wayarta wai za ta ba ni dariya. Ta nuna mini wasu mutane a wata ƙasa mai ƙanƙara, maza da mata, suna faɗawa cikin ruwa suna ihu, jama'a na yi musu tafi. Ta ce taimako suke tara wa marasa lafiya, kowa ya shiga sai 'yan kallo su cika abin da suka yi alkawari. "Kaka, ka ga haukan Turawa?" in ji ta. Na ce, "Amarya, wannan hauka mijinki ya riga su yi, sai dai ba wanda ya ɗauke shi hoto." Ta kwashe da dariya, ba ta yarda ba. Ban ga laifinta ba. Tsohon da take gani yana sa safa biyu da hular sanyi tun kafin sanyi ya sauka, in ruwan alwala bai ga wuta ba sai ya yi ta mita, ina za ta haɗa shi da tsalle cikin tafki.

Na zo ƙasar nan gemuna bai gama fitowa ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram na taso, yayana Lawali ne ya aiko a kawo ni, don shi ya riga ni da 'yan shekaru, har ya samu gindin zama a wannan gona. Mu kaɗan ne ma'aikatan, muna kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano, iska na shigowa ta duk inda ta ga dama. Abin da ke tashe mu da asuba ba zakara ba ne, injin rijiya ne. Sai ya yi tari, ya yi tari, ya mutu, a sake ja masa igiya, sannan ya kama tuk-tuk-tuk, ka ji na maƙwabta suna amsawa daga nesa. Har yau in na ji ƙarar tsohon janareto a garejin da ke kusa da shagona, sai in ji kamar an ce tashi. Bayan salla kowa ya ɗauki fartanyarsa. Aikin safe shi ne jan ruwa: ka buɗe wa wannan fage, ka toshe wancan da laka, ka bi ruwa da ƙafa babu takalmi har ya kai ƙarshen albasa. Da hantsi a yanki ciyawar dabbobi, da yamma a ɗaure tumatir. Hannu ya tsage, diddige ya tsage, mu shafa man injin mu kwanta. Samarin yanzu in sun zo sai ka ga waya a hannu, kafin su sauke jaka uwarsu ta ji muryarsu. Mu kaset muke cikawa da gaisuwa, mu ba direban babbar mota, mu jira amsa har mu manta abin da muka faɗa.

Mai dafa mana abinci wani dattijo ne Bakano, Baba Inuwa. Ya daɗe a Sabha har Larabcinsa ya fi Hausarsa sauri. Kun san tsakanin Bakano da Badamagare sai tsiya, shi kuwa ya samu sabon zuwa, ya samu abin wasa. Makaroni yake dafawa safe da yamma, in ka yi ƙorafi ya ce, "A garinku ma kuna ganin abinci mai rami?" Yana da maganganunsa da yake maimaitawa har muka haddace. In mutum ya yi rawar ɗari ya ce masa, "Ci gaba, rawar nan ita kaɗai ce Haj ba ya cirewa a albashi." In wani ya yi kewar gida ya zauna ya zuba tagumi, ba ya lallashi, sai ya tura masa tukunya ya ce ya kankare. Mugun tsokana gare shi, amma shi ke tashi ya rufe wanda bargonsa ya zame.

Haj shi ne mai gonar, dogon mutum mai yawan faɗa da saurin hucewa. Ranar da na fara aiki ya ga na nufi bakin jabiya ina leƙe, sai ya daka mini tsawa yana nuna ta da sanda: "Rud balak! Mayya!" Kalmomin farko ban gane ba, amma ta ƙarshe, ai ko a barci aka faɗa mini na san ta. A ƙauyenmu an san mayya. An san yadda take kama kurwar mutum ta ɓoye, ya kwanta yana ramewa yana sambatu, kuma an san ba ya tashi sai an kamo ta an tilasta mata ta tsallake shi. Na yi ɗan karatun allo, na san ruwa da Larabci alma'u ne, don haka ko kusa ban kawo ruwa a raina ba. Yayana ban iya tambayarsa ba, don ƙane ba ya nuna wa wansa tsoro a baƙuwar ƙasa, ga shi kuma a wurinmu ba a ambaton irin wannan suna kusa da inda take. Sai na lallaɓa wurin Baba Inuwa yana yankan albasa, na tambaye shi a hankali ko gaskiya ne akwai mayya a cikin jabiya.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ai ka ji da kunnenka. Babu gonar da ba ta da ita a ƙasar nan. Da ita suke noma. In ta yi ƙaranci ma har faɗa suke yi a kanta."

Daga ranar na shiga uku. Kullum sai na ji Haj yana kiran sunanta, yana tambayar ko ta iso, ko ta yi yawa. In zan wuce jabiya sai in yi zagaye mai nisa ina karanta duk abin da na iya. Ruwan da ke magudana ban ji tsoronsa ba, don a ganina ita tana can ƙasan tafkin a zaune, inda ya yi kore ba a ganin gindinsa. Baba Inuwa ya yi tsokanarsa ya wuce, ya ma manta ya yi. Ni kuwa na riƙe.

Sai kwanakin da mutanen nan ke kira liyali suka shigo, tsakiyar sanyi ke nan. Na san sanyi a gida, amma wannan daban ne, ba ya tsayawa a fata. Abin mamaki, ruwan rijiya da ɗuminsa yake fitowa, har tururi yake yi da safe, amma in ya kwana a jabiya sai ya koma kamar wuƙa. A cikin kwanakin nan Yaya Lawali ya kwanta. Ya fara da tari, sai zazzaɓi, sai ciwo a haƙarƙari wanda ko numfashi ya ja sai ya dafe. Muka dafa masa citta da kanumfari, muka gasa masa ƙirji da tsumma, abu sai gaba yake. Ya daina gane mutane. Yana kwance yana fizge-fizge yana cewa a sake shi, a sake shi. Haj ya shigo ya taɓa goshinsa, ya girgiza kai, ya ce, "Hada mil-mayya." Wannan kam ban nemi tafinta ba, na ji sunanta a ciki. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata, don mutumin da ya biya mini kuɗin mota ya kawo ni, wanda Inna ta damƙa ni a hannunsa, ga shi an kama shi ina kallo.

Kai shi asibiti shi ne magana, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Gonar na da nisa da kwalta, motar Haj ɗansa ya yi tafiya da ita, mu kuma ba mu da takardu. Sai an samu ɗan ƙasa da zai ɗauke shi ya wuce da shi shingen hanya, ya kuma tsaya masa a can. In ka bi maƙwabta ɗaya-ɗaya kana roƙo, kowa zai tausaya maka ya ce gobe, kamar yadda mutane suke ko'ina. Don haka magabatanmu a gonakin nan suka ƙirƙiro wata dabara da muke kira shigar sadaka. Ƙasan kowace jabiya akwai rami inda ruwa ke fita, kuma da sanyi yakan toshe, sai mutum ya nutsa ya zaro abin da ya toshe shi. Ba mai son aikin nan a liyali, ko nawa za a ba shi. To in wani namu ya kwanta, sai a nemi jabiyar da ta toshe, a sanar da maƙwabta cewa gobe za a shiga saboda wane. Su kuwa suna son kallo. Su taru, kowa ya faɗi abin da zai yi wa mara lafiya a gaban jama'a, wanda ya shiga kuma ba ya taɓa ko ƙwandala. Alkawarin da aka yi a bakin jabiya ba a cewa gobe a kansa. Aka yi sa'a, ko in ce a lokacin na ɗauka rashin sa'a ne, tamu ta toshe a makon nan.

A al'ada ɗan'uwan mara lafiya ake fara tambaya. Manya suka ce ni sabon zuwa ne, a bar wani ya shiga. Na ce ni zan shiga. Ba jarumta ba ce, lissafi na yi irin na ɗan ƙauye: in na kamo ta, ta tsallake shi, in ta fi ƙarfina, ai ta samu wani, wataƙila ta saki na farko.

Da safe rana ta ɗan leƙo, maƙwabta suka iso kowa ya naɗe cikin farin bargon ulu. Aka hura wuta da busassun rassan dabino, aka ɗora shayi. Wani mai gonar zaitun ya ce motarsa na nan, shi zai kai shi. Wani ya ce ƙanensa na aiki a asibiti, zai tsaya masa. Wani ya yi alkawarin bargo da sukari, Haj ya ce magani nasa ne. Gefen ruwan ya yi wata siririyar ƙanƙara, wani ya taɓa ta da sanda ta fashe. Na cire rigata, aka ɗaura mini igiya a ƙugu. Na miƙa wa Baba Inuwa takalmina na roba da 'yar layar da ke wuyana, na ce, "Baba, in ban hito ba, ka ba Yaya. Ka ce ya gaya wa Inna ni na sa kaina, ba shi ba."

Ya dube ni ya yi tsaki. "Kai Badamagare, wanka za ka yi, ba yaƙi za ka ba. Shiga ka fito, shayi na hucewa."

Na yi bismilla na faɗa. Abin da na fara ji ba sanyi ba ne, duka ne, kamar an maka mini faskare a ƙirji. Numfashina ya tsaya, kaina ya sara, na ji ihun mutane can nesa. Ruwan ya kai mini wuya a tsaye. Na ja iska da ƙyar na nutsa, ina lalube a bango da hannun da ban ma jin nawa ne. Na taso ban samu komai ba, na sake komawa. Can a kusurwa yatsuna suka shiga cikin wani abu mai laushi, mai santsi, mai tsawo, yana motsi yana naɗe mini hannu. Gashi. Wallahi a lokacin ko Alƙur'ani aka ba ni zan rantse gashin mace ne. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, sai kuma fushi ya taso ya danne shi. Na naɗe shi a hannu biyu, na taka bango na ja. Ta ja, na ja. Sai na ji ta sako gaba ɗaya, ruwa ya fara fizgar ƙafafuna zuwa ramin, masu igiya suka jawo ni sama.

An ce da na fito jikina ya yi toka-toka, haƙorana na kaɗawa, jama'a na tafi. An tanadi bargo da wuta, ban bi ta kansu ba. Na ruga da gudu da igiyar a ƙuguna, ina jan abin nan a ƙasa, ina ihu, "Na kamo ta! Na kamo ta!" Na banka ƙofar ɗaki, na tsaya a kan Yaya Lawali, na ɗaga ta na wuce da ita ta samansa, na dawo da ita, na sake wucewa, ruwa na ɗiga a bargonsa. Ina cewa, "Tsallake shi! Ki sake shi, ga ni nan, ni ki ci!"

Mutane suka cika bakin ƙofa. Wasu sun fara dariya, sai dariyar ta mutu. Baba Inuwa ya ratso su ya karɓi abin daga hannuna, ya ɗaga shi a haske. Tsohon buhu ne da ya ruɓe, zaren dabino da gansakuka sun kanannaɗe shi. Ya dubi buhun, ya dube ni, sai na ga fuskarsa ta sauya, ya tuna. Ya ɗauko jarkar ruwan da muke sha, ya tsiyaya a kofi, ya riƙe mini a gaban ido. Ya ce, "Ɗan nan, ka ga wannan? Ita ce mayya. Haka suke ce wa ruwa. Ruwa ne kawai, ɗan nan. Sanyin ruwa ne ya kama yayanka."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk makonnin nan ba wanda ke zaune a ƙasan tafki yana jirana. Ashe ciwon yayana ciwo ne irin na mutane, wanda ke da suna, wanda likita ya sani. Na fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya, majina da hawaye duk a haɗe, sai a lokacin ma na ji sanyi. Daga waje ina jin ruwa na gudu a magudanai. Haj ya tambayi abin da ke faruwa, Baba Inuwa ya fassara masa da kansa a ƙasa. Na zata zai yi dariya. Sai ya warware bargon jikinsa ya naɗe ni da shi, ya juya ya yi wa Baba Inuwa faɗan da ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na ji daɗinsa. Mai gonar zaitun bai ko shanye shayinsa ba, ya tafi ya kawo mota har bakin ɗaki.

Yanzu in wani namu ya kwanta a Sabha, a waya ake sanarwa, kafin azahar an haɗa abin da za a haɗa. Ya fi sauri, kuma ba mai ɗaukar ciwon haƙarƙari garin neman wa wani magani, don haka ba zan ce na da ya fi ba. Abin da kawai na lura shi ne yanzu kana iya taimakon mutum ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, shi ma bai san taka ba. Mu a lokacin duk wanda ya ba da wani abu yana tsaye a wurin, yana busa hannunsa saboda sanyi.

A asibiti aka ce huhunsa ne, aka sa masa ruwa da allurai. Kwanaki ina zaune a ƙasa kusa da gadonsa, ina kallon ƙirjinsa na hawa da sauka, ba wanda ya ce mini zai tashi. Wata safiya ina gyangyaɗi na ji an taɓa mini kai. Idonsa a buɗe, kuma ni yake kallo, ya gane ni. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Ya ce, "Ruwa." Na tashi a guje na tare wata ma'aikaciya a baranda ina cewa ruwa, ruwa, tana kallona ba ta gane ba. Sai na buɗe baki na roƙa wa yayana mayya. Ta kawo cikin kofi, na tallafi kansa ya sha.

Da yamma Baba Inuwa ya zo da kwanon makaroni. Da ya ga Yaya a jingine, sai bakinsa ya dawo. Ya zauna ya ba da labarin tun daga farko, yana kwaikwayon guduna da buhu, har wasu Hausawa da ke jinya a gadajen kusa suka riƙe ciki. Yaya Lawali bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo hannu a hankali ya kama kunnena, yadda yake yi tun ina ƙarami in na yi ɓarna, sai dai babu ƙarfi a yatsun.

Ya ce, "Kai, da gaske kake zaton tana ciki?"

Na ce, "I."

"Kuma ka shiga."

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Da tana ciki ta cinye ka, mi zan ce wa Inna?"

Na ce, "Yaya, da ka mutu, ni mi zan ce mata?"

Ya saki kunnena, ya juya fuskarsa wajen bango, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo sai ya miƙo mini kofin a ƙara masa, na tashi na tafi ɗebowa.